Rufin Ƙanƙara a Khumra

A shekarar da sojojin Iraƙi suka shiga Kuwait, wadda mutanen Yaman suka ɗaure katifu da tukwane a kan motoci suka bar Jidda jerin gwano, ina aikin walda a wata warsha, wato wurin ƙere-ƙeren ƙarfe, a Khumra, can kudancin gari inda ɗakunan ajiyar kaya suka fi gidajen mutane yawa. Mu biyu ne Hausawa a wurin, ni da taubashina, ɗan kawuna. Tare muka zo umra 'yan shekaru kafin nan, tare muka ƙi komawa, ɗaki ɗaya muke kwana a bayan warshar, kuma babu mai iƙama a cikinmu.

Iƙama ita ce takardar zama. Mai ita yana tafiya a tsakiyar hanya, ya je gida hutu ya dawo, ya ziyarci Madina ranar da ya ga dama. Marar ita gindin bango yake bi, kunnensa na sauraron motar jawazat, masu kama baƙi. Ni a lokacin ba ni da burin da ya wuce wannan takarda. Na bar mahaifiyata a gida da tsufa, ina son in gan ta, kuma na san duk ranar da na fita ƙasar nan ba hanyar dawowa, abincin gidanmu ya yanke.

Aikinmu ƙera rumfunan gona ne: na kaji, na tumaki, na ajiyar ciyawa. Mu yanka ƙarfe mu haɗa tsaiko a warsha, a loda a tirela, a kai gona a kafa. Maigidanmu wani dattijo ne ɗan asalin Hadramaut, kowa Ammi yake ce masa, wato baffa. Tun farkon shigowar kuɗin man fetur ya sayo rumfa guda daga wata ƙasar Turai, aka kawo ta gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa. Da aka kafa ta ya ga ta yi kyau, sai ya ce daga yau haka za a riƙa yi. Aka kwaikwayi kowane ƙarfenta, aka sassaƙa ma'aunai na katako aka rataye a bango. Duk wanda ya zo aiki su yake bi, ba tambaya. Rufin yana da tsini kamar jinkar rumbu, azarun ƙarfen masu kauri, an jera su kusa da kusa, sai an taru ake ɗaga ɗaya. Da yamma kafaɗun mutum kamar ba nasa ba.

Akwai wani tsohon Baturke a cikinmu, muna ce masa Usta, wato gwani. Wata rana da hantsi muna zaune a inuwar tirela muna cin ful da tamis, wake da gurasar kowane lebura a Jidda, na nuna masa tsaikon da muka gama, na tambaye shi me ya sa rufin kaji ya fi na masallaci nauyi. Ya yi dariya har ya ajiye gurasarsa. Larabcinsa karyayye ne, nawa ma haka, don haka rabin bayanin da hannu ya yi shi.

Ya ce a garinsu, can cikin duwatsu, idan sanyi ya kama wani abu fari yana saukowa daga sama. Larabawa suna ce masa talj, mu kuma dusar ƙanƙara. Ni ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke zuba da damina ta yage ganyen dawa ta narke kafin a tsince ta. Ya ce wannan daban ce. Tana sauka a hankali kamar audugar rimi, ta kwanta a kan rufi, wata ta hau kan wata, ta yi makonni ba ta tashi ba, in ta jiƙe kuma ta fi buhunan hatsi nauyi. A zamanin kakanninsa kowa yana yin rufi gwargwadon mafi munin hunturun da tsofaffin gidansu suka ba shi labari. Da kwano da ƙarfe suka zo, mutane suka fara yin rumfuna masu faɗi, sai aka riƙa samun shekarun da rufi ke ruftawa kan shanu. Shi ne hukumomin ƙasashen sanyi suka raba ƙasarsu yanki-yanki, kowane yanki da nauyin da dole rufinsa ya iya ɗauka. Mutanen tudu nasu mai yawa, na bakin teku kaɗan. Tsinin kuma don ƙanƙarar ta sulale ta faɗo ne. Ya ce har sassauci akan yi wa rumfar dabbobi, ba a tsananta mata kamar gidan mutane.

Na ce, "Don me, Usta?"

Ya ce, "Saniya ba ta kai ƙara wurin alƙali." Ya goge bakinsa ya ƙara da cewa, "Rumfar Ammi, wani gari mai tudu da sanyi aka yi wa ita. Kajin Jidda suna kwana ne a ƙarƙashin tsoron wasu mutane."

Maganar nan ta zauna mini. Bayan magariba, taubashina na tuƙa mana tuwon semo a ƙofar ɗaki, na ɗauki alli na zana masa a kan siminti. Na ce ka ga, rabin ƙarfen da muke ƙona idanunmu a kansa, ƙanƙarar da ba za ta taɓa zuwa ba muke yi wa hidima. A cire azara ɗaya a bar ɗaya, a rage kaurin, a kwantar da tsinin. Rumfa ta tsaya, Ammi ya huta da sayen ƙarfe, mu mu huta da ɗauka.

Ya leƙo da muciya a hannu ya ce, "Malam, kai dai da tunani kamar wanda ke bin sama bashi. Share wurin nan ka kawo kwano, bawana."

Haka muke tun muna yara, kamar kowane taubasai: shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Malam kuma yana kirana da shi ne saboda na fi shi daɗewa a karatu, kuma ni ke rubuta alamun ƙarafa da ajami, dama da hagu, sama da ƙasa, don kada mu ruɗe wurin haɗawa.

Na ƙudura zan kai wa Ammi maganar. Amma Larabcina na littattafan fiƙihu ne. Na san yadda ake cewa alwala ta warware, ban san yadda ake cewa ƙarfe ya yi yawa ba. Kuma ba na son in tsaya gaban dattijo ina in'ina. Sai na zauna ina shirya zancen, ina gyara shi, ina maimaita shi a zuci a ƙarƙashin madubin walda. Taubashina kuwa Larabcin kasuwa gare shi, wanda ba shi da kai ba shi da wutsiya amma yana isa inda aka aike shi.

A tsakanin nan ne yaƙi ya matso. Usta ya ce shi ba zai mutu a ƙasar zafi ba, ya tattara ya koma gida. Shugaban ma'aikatanmu, Bayamane, ya bi 'yan'uwansa. Aka ba Ammi bizar ɗauko sababbin ma'aikata, muka ji cewa a ciki akwai guda ta Najeriya. Guda.

Ina nan ina gyara jimlolina, wata safiya Ammi ya sauko daga ofis, taubashina na gefensa. Ya nuna ma'aunan katako da sandarsa ya ce, "Halas, shi ke nan, a sauke su. Yalla, maza!" Ya dafa kafaɗar taubashina ya ce wa kowa, "Shekara da shekaru ina ciyar da ku, ba wanda ya taɓa tambaya. Wannan yana da kai."

Sai bayan la'asar, da muka fito masallaci muka rage mu biyu, na tare shi.

"Taubashi, maganar wa ka kai?"

"Maganar gidanmu."

"Ka ce masa tawa ce?"

"Bai tambaya ba." Ya yi murmushi. "Kuma abin bawa ai na ubangidansa ne."

Da ya ga ban yi dariya ba, murmushin ya tafi. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, mako biyu kana tauna ta. Da na jira ka, da wani Bamisire ya riga mu. Bari in shiga. In na shiga, wallahi ba zan bar ka a waje ba."

Ya miƙa kansa ga tarhil, inda ake tara marasa takarda a mayar da su ƙasarsu. Bayan 'yan watanni ya dawo ta ƙofar gaba da bizar Ammi, da iƙama a aljihun gaban riga, inda ake ganin shatinta. Ya kawo mini kilishi da daddawa da kaset ɗin muryar mahaifiyata. Na saurara. Ta yi mini addu'a, sannan ta shiga yabon ɗan ƙaninta: ya yi ƙiba, ya yi haske, ya gyara mata zaure, Allah ya yi masa albarka, in riƙe shi da kyau.

Ban ƙi shi ba, Allah shaida. In ya yi zazzaɓi ni ke dama masa kunu. Amma na zama mai lura da shi fiye da yadda ya kamata. Na san ranar da ya sayi sabon takalmi. Na san yadda yake tafiya in motar jawazat ta ɓullo, ba ya ko rage sauri, ni kuwa na riga na shige bayan tulin ƙarfe. In Ammi ya kira shi ofis aka kawo musu shayi, ina jin ƙarar cokali a kofi daga inda nake, duk da kukan injin yanka. Idan ina karanta surar neman tsari na zo kan ayar mai hassada, sai in ɗan dakata. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma na ga haka da idona, kullum ƙara tofo yake.

Sabon rufin ya karɓu. Ya fi araha, ya fi saurin haɗuwa, masu gonakin kaji na hanyar Makka da na gaɓar teku suka yi ta saye. Ya tsaya ƙyam, ba abin da ya same shi. Duk tirelar da ta fita da shi, sai in bi ta da kallo kamar an ɗauki ɗana an sa masa sunan wani.

Sai wani mai tumaki ya zo daga arewa, daga duwatsun bayan Tabuka, ya ce a yi masa rumfuna biyu irin masu arahar nan. Ba wanda ya ɗaga kai. Ammi bai taɓa wuce Madina ba, taubashina bai daɗe da fara ƙetare shingen bincike ba, ni kuwa iyakata Khumra da unguwar Kurayyat da ke nan Jidda. Mu a wurinmu Saudiyya duka Jidda ce, zafi da gumi daga wannan iyaka zuwa waccan. Ni da hannuna na rubuta alamun ƙarafan. Taubashina aka ba kafawa, tunda shi ke da takardar tafiya. Hanyarsu ta Madina ce.

Yana hawa tirela na ce, "Ka isar mini da sallama ga Manzon Allah."

Ya ce, "Zan ce bawana na gaisuwa."

Na ce, "Ka dai isar."

Sun gama rumfar farko an zuba tumaki, suna kan ta biyu, sanyi ya kama. Labari ya riga shi isowa ta wayar ofis: rumfa ta rufta. Da ya dawo, leɓɓansa sun tsage, fatar hannunsa ta dare, yana sanye da wata rigar fatar tunkiya da makiyayan suka ba shi. Na ɗora masa ruwan zafi, ya zauna a bakin katifa ya ba ni labari.

Ya ce, "Malam, dusar ƙanƙarar nan ba ta da sauti. Ruwan sama yana sallama, wannan ba ta yi. Na tashi asuba, ruwan buta ya zama dutse. Na buɗe ƙofa in nemi ƙasar taimama, babu ƙasa. Duniya duka fara, har ido na zafi."

Ya ce wuni guda da kwana tana sauka. Rufin namu da muka kwantar bai zubar da ita ba, ya riƙe ta kamar faranti. Da hantsi suka ji ƙarfe na kuka, suka fito, suna kallo tsakiyar ta lotsa a hankali, sannan ta zauna gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba mutum a ciki. Shi da makiyayan suka yi ta ɗaga kwano suna jawo tumaki, kowa da wuƙa a hannu, suna rige-rigen yanka masu sauran numfashi kada su zama mushe. Ya ce jini a kan farin nan, bai taɓa ganin ja irinsa ba.

Ina sauraro ina salati, ina jin tausayinsa. A ƙarƙashin tausayin kuma ga wani abu na motsi. Ni na fara jin labarinta a bakin Usta, ni na yi ta tunaninta har na zana rufi saboda ita, amma shi ya taka ta, ya damƙe ta a hannu. Har na tambaye shi ko ya ɗanɗana. Ya dube ni kamar na zautu, ya ce, "Ruwa ce, Malam. Ruwa ce kawai."

Washegari Ammi ya tara mu a tsakar warsha. Mai tumaki ya ce sai an biya shi, kuma sai an sake masa rumfa. Ban taɓa ganin dattijon nan a fusace haka ba. Ya tsaya gaban taubashina da sandarsa.

"Kai ko zane ba ka iya karantawa. Faɗa mini gaskiya, wa ya sa maka wannan a kai? Wallahi yau zai kwana a hannun jawazat."

Ina tsaye a baya, madubin walda a goshina. Kalma ɗaya ta isa.

Taubashina ya ce, "Ba kowa, ya Ammi. Kaina ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Na yi hamdala a zuciyata, hamdala ta gaske. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Amma kafin in koma wurin aikina wani tunani ya riske ni: yanzu ya mallaki maganar rufin sau biyu. Ta zama tasa a riba, ta zama tasa a hasara, a gaban shaidu. Ko da wata rana na buɗe baki, wa zai yarda?

Ammi ya hana shi hutu, ya mayar da shi arewa ya sake rumfunan da tsohon ma'auni, wanda muka tono daga bayan ɗakin ajiya duk ya yi ƙura. Ya yi wata da watanni can. Da ya dawo ya zo da abin da ba wanda ya aike shi: ya bi makiyaya da direbobin tirela yana tambaya, ina take sauka, ina ba ta sauka, ina ne sai shekarar da ta yi tsanani. Ya samo taswirar ƙasar irin ta gidan mai, ya manna a bangon warsha, ya ja layi da jan alƙalami. Daga layin zuwa arewa da kan duwatsu, tsohon rufi mai nauyi. Daga layin zuwa teku, sabo. Tun daga ranar duk wanda ya zo sayen rumfa, kafin a tambaye shi faɗi da tsawo sai an tambaye shi ina za a kafa ta. Abin da Usta ya ce hukumomin ƙasashen sanyi sun yi, shi taubashina ya yi a bangonmu, bai ko san ya yi ba. Ammi ya huce. Kafin shekara ta zagayo ya naɗa shi shugaban ma'aikata.

Shekaru suka yi ta wucewa. Ya ɗauko iyalinsa, ya kama gida a Aziziyya mai na'urar sanyi. Ni na yi aure a Kurayyat, na samu ɗaki biyu a wani lungu da mota ba ta shiga. Ban taɓa tuna masa alkawari ba. Biza takan zo, sai a ce ta Indiya ce ko ta Masar, ya gaya mini yana kallon gefe. Da salla yakan aiko mana da cinyar rago da yadi, ni kuwa in karɓa in yi godiya, naman ya tsaya mini a wuya. Matata, haifaffiyar nan ce, ba ta da haƙurin irin wannan. Takan ce, "Halas mana! Mutum ya ba ka nama, kai kana auna na gidansa."

Yana gida hutu mahaifiyata ta rasu. Shi ya bugo waya. Ya ce ba ta sha wahala ba, ta cika da kalmar shahada, an yi jama'a. Sannan ya ce, don ya sanyaya mini rai, "Ni na shiga kabarin, Malam. Da hannuna na kwantar da ita, na juya fuskarta alƙibla."

Na ce Allah ya saka da alheri. Na ajiye wayar. Duk abin da na taɓa ji a kansa, na takalmi da na shayi da na ƙanƙara, wasan yara ne a kan na ranar nan. Na daɗe ban taka gidansa ba. A warsha mu gaisa, ya ba da umarni, in bi. Ya daina ce mini bawana, ni ma na daina ce masa. Sauran ma'aikata suka ɗauka girma ne ya zo mana.

Ana gab da fara ɗaukar hoton yatsun baƙi, lokacin da kowa ke cewa nan gaba wanda aka kora ba zai ƙara dawowa ba, ciwon suga ya taɓa masa ido. Bai hana shi aiki ba. Shugaban ma'aikata a kujera yake, da baki yake nuni, da zai iya ƙara shekaru masu yawa a haka. Wata Juma'a bayan la'asar ya tsaya da motarsa a bakin lungunmu ya aiko a kira ni. Ya ce in sa riga mai kyau, za mu gaida Ammi.

Ammi ya tsufa ƙwarai, ya bar wa ɗansa warshar. Muka same shi a kishingiɗe, ɗan na gefensa. Bayan gaisuwa da gahawa, taubashina ya gyara zama.

"Ya Ammi, zan koma gida, komawar da ba dawowa. Amma akwai amanar da na daɗe ina riƙe da ita. Maganar rufin nan ba tawa ba ce. Ga mai ita."

Dattijon ya juyo da kansa a hankali. "Wane rufi?"

"Marar nauyi."

"Wanda ya kashe tumakin mutane?"

"Shi."

Ya ƙura mini ido. "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, ya Ammi." Kuma wallahi ban san abu zai yi daɗin faɗa haka ba. Sai na ƙara, "Amma ban ce a kai shi arewa ba."

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ɗansa na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ba wanda ya ce a kai shi arewa. Ni ma ban ce ba. Da ƙafarsa ya tafi."

Ɗan ne ya yi mini bayanin sauran. In ma'aikaci ya fita fitar ƙarshe, ana ba kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi, biza a madadinsa, ta ƙasar da ya fito. Taubashina ya roƙi a rubuta ta da sunana, kuma ya ce yanzu zai tafi, ba baɗi ba, kafin a rufe ƙofar dawowa. Ammi ya ce sai ya ji dalili da kunnensa. Yanzu ya ji. Ammi ya ɗaga hannu ya ce, "Halas. A ba shi."

Da muka fito, ba wanda ya nufi mota. Muka tsaya a inuwar wani shago da ke rufe.

Na ce, "Me ya hana ka tun tuni?"

Ya ce, "Da farko tsoro nake kada a ba ka a hana ni. Da rumfa ta faɗi, tsoro nake kada a kama ka. Daga baya kuma..." Ya murza idonsa mai ciwon. "Daga baya kujerar ce ta yi mini daɗi."

Ban zaci zai faɗe ta a fili haka ba.

Ya ce, "Kana ganin ni na more. Duk zuwan da na yi gida, in na durƙusa gaban gwaggo, kafin ta amsa gaisuwata sai ta leƙa bayana. Ni na ɗauko tsaraba, kai take nema a ƙofa."

Ya juyo ya dube ni.

"Na biya, Malam?"

Na ce, "Takardar ka biya. Ɗayan kuwa, na mahaifiyata, ba a hannunka yake ba."

"To ka yafe shi."

Na duba zuciyata, domin ba na son in faɗi abin da ba ya ciki. Na ce na yafe, duniya da lahira. Na ce shi ma ya yafe mini idon da na sa masa. Ya ce wannan ya daɗe da sanin da shi, har nauyinsa ya saba, amma ya yafe.

Ya buɗe mini ƙofar mota da kansa. Yana tayar da ita ya ce, "Ka san dai sai ka bi ta tarhil. Za ka sauka Kano a jirgin korarru, da riga ɗaya, gemu duk ya cukurkuɗe. Ni zan riga ka isa. Zan zo tarye."

Na ce, "Da mota?"

Ya ce, "Da silifan da za ka sa. Sace su ake yi a tarhil tun kwanan farko."